Birkin Motar Yaya Ilu

Tun da na dawo daga Damagaram, duk wanda ya shigo shagona a Tukur-Tukur sai ya ajiye ɗinkinsa ya ce, "To Malam Shu'aibu, yaya Nijar?" Nakan ce lafiya lau, hanya da kyau, mutanen da kirki. Ba ƙarya nake yi ba, amma ba shi ke nan ba. Abokan zamanmu na ƙofar masallaci sun matsa mini, har ɗayansu ya ce tafiyar kwana huɗu ba ta ƙarewa a kalma uku. Ni ba gwanin magana ba ne a cikin mutane, karatuna ma bai yi nisa ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta, mai so ya karanta.

Sai na fara da dalilin tafiyar.

Yayana, Yaya Ilu, direban gwamnati ne har ya yi ritaya. Gidanmu ɗaya a Kusfa cikin birnin Zariya, zaure ɗaya, shi a sashen gabas ni a na yamma. Yana da tsohuwar mota fara mai dogon baya, wadda ya fi kula da ita fiye da rigar jikinsa. Ba ya kai ta gareji. Shi ke kwance ta, shi ke ɗaure ta, a ƙofar gida gindin dalbejiya. Matarsa Mariyama 'yar Damagaram ce. Sun fi shekara ashirin tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Tsakanina da ita wasa ne irin na ƙanin miji. Ni ina ce mata Madam, saboda ƙasarsu ta masu Faransanci. Ita tana ce mini Tela Sai-gobe.

Mahaifiyarta ta tsufa, idonta ya tafi, kuma shekara shida Mariyama ba ta leƙa gida ba. Yaya ya yi mata alkawari bayan ƙaramar Sallah zai kai ta da kansa, a motarsa. Cikin azumi ya duƙufa gyara.

Aiki ɗaya ne a mota da ba ya iya yi shi kaɗai, wato fitar da iska daga birki. Dole wani ya zauna ciki yana taka birkin, shi yana ƙasa yana buɗe ɗan noti yana rufewa. Tun muna samari ni nake taka masa. Ya ce ƙafar tela ta saba da keke, ba ta rawa, ba ta saki kafin a ce ta saki. Kuma a unguwa irin tamu, mutum yana da ƙane a cikin gida ba zai fita ya kira na waje ba, don gobe za a ce me ya haɗa 'ya'yan uba ɗaya faɗa.

Sau uku ya neme ni cikin azumin nan. Na farko a zaure, na ce gobe. Na biyu ya aiko matata ta gaya mini. Na uku ya zo har shago, ya tsaya a bakin ƙofa saboda babu wurin zama, ko'ina shadda.

"Shu'aibu, minti goma sha biyar fa."

Ko kaina ban ɗaga sosai ba. Na ce, "Yaya, ka ga kayan mutane. Bari sai bayan Sallah."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ya miƙo hannu ya cire wani zare da ya maƙale a kafaɗata, ya tafi.

Saura kwana huɗu Sallah ya faɗi a ƙofar gida bayan la'asar. A hanyar asibiti ya cika. Likita ya ce hawan jini ne. Maganar birkin kuwa ban gaya wa kowa ba.

Da Mariyama ta fita takaba, damina ta yi nisa. Ta ce za ta koma wurin tsohuwarta. Manyan gida suka ce a sa ta a motar haya. Na ce a'a, Yaya ya yi alkawarin kai ta a motarsa, a motarsa za ta je, ni zan tuƙa. Aka haɗa mu da Goggo Dudu, ƙanwar mahaifinmu, ta yi rakiya.

Ranar Litinin da safe muka ɗaura katifa a saman mota, akwati biyu da buhun masara a baya. Turminta ta bar wa matata, ta ce ai taɓaryar ma ta gutsure. Da na zauna kujerar direba sai na ji wani guntun itace yana taɓa mini dunduniya daga ƙarƙashi. Na zaro shi zan jefar. Mariyama ta miƙo hannu daga baya, ta karɓa ta ɗora a cinyarta.

A Ƙofar Doka na fara taka birki da gaske. Ƙafata ta nutse kamar na taka soso. Na ɗaga na sake takawa, ya kama. Nan da nan na san mene ne. Gareji nawa na wuce tsakanin nan da fita gari, ban tsaya ba. Na ce wa kaina ai yana kamawa. Gaskiyar ita ce ba na son wani ya duba ya faɗa mini abin da na riga na sani. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma da rayukan mata biyu na yi shi.

A Kwanar Ɗangora muka tsaya karin kumallo. Goggo ta sayi ƙosai da kunu, ta ce ƙosan babu albasa, ta cinye. Ni na zagaya wurin direbobi na tambaya kamar ba motata ba. Ɗaya ya ce mai ne ya ƙare. Na buɗe bonet, ɗan kofin man birki cike yake har layi. Wani ya ce masta ce ta mutu, wato tukunyar da ke tura man zuwa tayoyi. Wani ya ce in zuba ruwan sabulu, wai yana sa roba ta kumbura ta riƙe. Wani mai jar hula ya leƙo ya ce, "Taki biyu yake kamawa?"

Na ce e.

Ya yi dariya. "Malam, gode wa Allah. Nawa taki uku ne, kuma jiya na dawo daga Legas."

Da wannan na kwantar da hankalina, saboda shi nake son ji.

Cikin Kano na sha wuya. Masu adaidaita suna shigowa ta ko'ina, ni kuwa tun daga nesa nake fara takawa, hannuna ɗaya a kan birkin hannu. Goggo, da take gaba kusa da ni, ta ce, "Kai Shu'aibu, me ya sa kake ta rawa da ƙafa? Ka ɗauka kan kekenka kake?"

Na ce, "Sabo ne, Goggo."

Na duba madubi. Da a da ne, da Mariyama ta samu abin tsokana har Kazaure. Tana kallon waje, itacen nan a cinyarta. Tun rasuwar ba ta sake kirana Sai-gobe ba, ni ma ban sake ce mata Madam ba. Sai gaisuwa.

Ruwa ya tare mu bayan Ɗambatta, bai sake mu ba sai kusa da Daura. A nan muka sauka gidan Alhaji Sabi'u, abokin aikin Yaya na da. Kafin in kashe mota sai ga shi ya fito ba takalmi, fuskarsa a sake, hannu a miƙe. Ƙarar injin ya gane daga cikin gida. Da ya ga ni ne a kujerar, sai ya tsaya. Ai ya zo ta'aziyya har Zariya, ya sani sarai. Ya sauke hannun ya ce, "Ka yi haƙuri, Shu'aibu. Kunne ne bai san an yi rasuwa ba."

Aka shiga da matan cikin gida, ni aka shimfiɗa mini a ɗakin zaure. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, da fura a ƙwarya. Furar Daura ta fi tamu yaji, kuma ba sa tsinka ta da yawa. Alhaji ya ce cikin azumi Yaya ya kira shi ya ce ya tanadi fura, suna nan tafe. Da safe ya zagaya motar yana bugun tayoyi da ƙafa.

"Komai lafiya dai? In akwai abin dubawa ga ni."

Na ce lafiya lau. Tsohon direba ne, da na buɗe baki da a nan ƙofar gidansa an gama. Na ji kunyar abokin Yaya fiye da yadda na ji tsoron hanya.

Kafin hantsi muka isa Kwangwalam, bakin iyaka. Ban taɓa fita ƙasa ba. Na ɗauka zan ga katanga ko babbar ƙofa irin tamu ta birni. Ƙarfe ne kawai aka gitta a titi, gero na wannan gefe da gero na wancan duk tsayinsu ɗaya. Muka gama da namu, muka ƙarasa wurin nasu. Wani jami'i dogo ya karɓi takardun mota, ya karanta a hankali, ya ɗago.

"Wane ne Iliyasu a cikinku?"

Sunan Yaya ne a takardun. Sai na ji muryar Mariyama daga baya. Ta gaishe shi, ta ce maigidanta ne, Allah ya yi masa rasuwa, wannan ƙaninsa ne zai mai da ta gida. Harshenta ya juya, ya koma irin nasu, wanda ban taɓa ji a bakinta a Kusfa ba sai in tana waya. Jami'in ya yi addu'a, ya tambaye ta wace unguwa a Damagaram, ya rubuta mana takardar shiga da mota ya buga hatimi. Daga nan ita ce ja-gaba. Kuɗinsu ma ita ta riƙe, ni ban gane kansu ba.

Abin da Goggo ta fara gani burodi ne, dogo siriri mai tauri. Ta juya shi ta ce, "Wannan ci ake yi ko kora akuya?" Ba ta gama ba sai ga wata mata ta wuce mu a kan babur, da hijabinta, da buhu a baya, ita ke tuƙi. Goggo ta bi ta da ido har ta ɓace.

"Mariyama, haka kuke a nan?"

"Haka muke, Goggo."

"Kuma mijinta ya sani?"

"Shi ya saya mata."

Goggo ta ɗauko carbi.

Saura kaɗan mu shiga Matamai abin ya faru. Akwai 'yar gangara, titi a jiƙe. Amalanken shanu ya fito daga gona ya hau titi, da mutum a kai. Na taka birki, ya tafi har ƙasa. Na sake takawa, har ƙasa. Na uku ya ɗan taɓa, amma na riga na ga idon shanun dab da ni. Na fizgi birkin hannu na karkatar da sitiyari. Muka sauka daga titi muka shiga gonar gero, kara yana dukan gilashi, har laka ta riƙe mu.

Shiru. Sai salatin Goggo. Goshinta ya bugu ya ɗan tashi, butarta ta kife mata a zane. Mariyama ba ta ji ciwo ba. Ni ma haka.

Mai amalanken ya zo a guje, ashe gonarsa ce. Na fito ina shirin ba da haƙuri, don na kwantar masa da kunya kusan goma, gero ya fara fitar da kai. A wajenmu da an tara jama'a an fara muhawara. Shi kuwa sai da ya leƙa ya tambayi kowa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, ya gaida Goggo har ƙasa. Da na nuna masa geron ya ce, "Zai tashi." Ya kwance shanunsa ya ɗaura igiya, suka ja mu zuwa titi. Ya ce akwai bakanike a bakin gari, Malam Isuhu, mu bi shi a hankali. Haka muka shiga Matamai, amalanke a gaba, mu a baya da giya ta ɗaya.

Malam Isuhu dattijo ne siriri mai farin gemu, gindin tsamiya ne garejinsa, shi kaɗai yake aiki. Mun tarar ya ɗora shayi a ɗan murhun waya. Na fara bayani da sauri. Ya nuna mini benci.

"Zauna tukuna. Wanda ya fito daga gona da mota, shayi yake fara sha."

Ya ba mu a 'yan ƙananan kofuna, mai ɗaci da kumfa. Goggo ta kurɓa ta ce wannan magani ne. Ya ce na biyu ya fi daɗi, ya ƙara ruwa da sukari ya mayar a wuta, sannan ya tashi.

Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya ce in shiga in taka sau ɗaya. Birkin ya tafi ƙasa. Ya ce in taka sau huɗu a jere. Birkin ya taso, ya yi ɗan tauri.

"To riƙe nan. Kada ka ƙara, kada ka rage. Ƙafarka tana sauka?"

Na jira. Na ce a'a, tana nan inda take.

"To masta lafiyarta lau. Da robar cikinta ta mutu, da ka ji ƙafarka tana nutsewa a hankali har ƙasa, ko ba ka so."

Ya buɗe bonet ya duba kofin mai. Ya tsoma yatsa ya ɗaga wa rana. Ya ce man sabo ne, bai yi baƙi ba, kuma bai ragu ba. Duk da haka ya ce sai ya nemi yoyo, don ruwan sama yana ɓoye shi. Ya shimfiɗa buhu ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana goge bayan kowace da tsumma, yana murza abin da ya samu tsakanin yatsunsa. Ya ce ruwa yana bushewa, mai yana santsi. Ya sa na taka yana riƙe da tiyon kowace taya, ko zai ji wani yana kumbura. Babu.

A tayar baya ta dama ya daɗe. Daga ƙarƙashi ya ce, "Wa ya sa wannan silindar birkin?"

Na ce mai motar ne.

"Sabuwa ce. Kuma hannun da ya ɗaura ta ya san aiki." Ya fito yana karkaɗe riga. "Malam, motarka ba abin da ya lalace. Iska ce. In an kwance birki an sa sabon abu, iska takan shiga bututun. Mai ba ya matsuwa, in ka taka sai ya tura. Iska kuwa matsuwa take yi, kai kana takawa ita tana lanƙwashewa. Ga kaya, ga doguwar tafiya, ƙarfe ya yi zafi, sai ta ƙara yawa. Kana da sifana mai lamba takwas? Tawa ta cinye."

Na sauke akwati ɗaya na ɗaga murfin wurin safaya. A nan na ga leda. A ciki akwai gwangwanin man birki ba a fasa ba, da siririn tiyo, da kwalba wankakkiya, da sifanar, an ɗaure su wuri ɗaya da ƙyallen shadda ruwan toka. Na gane ƙyallen. Daga shagona ya fito.

Malam Isuhu ya ce, "Ka gani? Komai ya tanada." Sai idonsa ya kai kan itacen da ke hannun Mariyama. Ya ce, "Hajiya, ara mini wannan."

Ya leƙa cikin mota, ya danna birkin da hannu, ya sa kan itacen a jikinsa, ɗaya kan ya tokare da kujera. Itacen ya zauna daidai, ko rawa ba ya yi.

"Na sani," in ji shi. "Shi kaɗai ya yi ta fama. Ya taka, ya tokare da wannan, ya fita ya kwanta, ya buɗe, ya rufe, ya tashi ya dawo ya cire. Kowace taya sau biyar, sau shida. Ni ma nakan yi in ba kowa, amma ba ya fita duka, kuma baya yake karyawa." Ya dube ni. "Ba shi da kowa ne a gida?"

Ba da wata manufa ya tambaya ba. Goggo ta dubi ƙasa. Na ce, "Yana da ƙane."

Na juya wajen Mariyama, ban kalli fuskarta ba. Na ce, "Sau uku ya kira ni. Na ce sai bayan Sallah."

Ta ce, "Na sani. Ya gaya mini." Ta gyara bakin hijabinta. "Da ya dawo daga shagonka ya ce mini ko zan fito in taka masa. Na ce ni? In zauna kujerar direba a ƙofar gida, maza suna wucewa masallaci? Me za a ce a unguwa? Na ce ya jira ƙaninsa. Ya ɗauki taɓaryata ya auna, ya sa zarto. Ta labulen zaure nake leƙensa, yana tashi yana kwanciya, da azumi a bakinsa."

Akwai tambayar da ta zo mini har baki, ko ranar da ya faɗi ne. Ban yi ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ajali ne ya ɗauki Yaya, na yi imani da haka, ba na ce wani abu ne ya kashe shi ba. Abin da na sani kawai shi ne ya nemi ƙafata bai samu ba.

Goggo ta share ido da gefen zane ta ce, "To ku biyun, kun gama? Mutum yana jira."

Malam Isuhu ya raba aiki. Ni in zauna ciki. Wani kuma ya tsaya a bonet da gwangwani yana ƙara mai, kada kofin ya ƙafe, don in ya ƙafe sabuwar iska za ta shiga a koma farko. Mariyama ta karɓi gwangwanin. A bakin titi ne, mutane suna wucewa, babu wanda ya waiwayo. Ya ce daga tayar da ta fi nisa da masta ake farawa, wato ta baya ta dama. Ya soka tiyon a ɗan notin, ɗaya bakin a kwalba. Goggo ta tsuguna ta ce ita za ta riƙe kwalbar.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"

Na riƙe. Ya buɗe, birkin ya sulale ƙasa da ƙafata.

"Kada ka ɗaga!" Na ji ya ɗaure. "Saki."

Kalmomin Yaya ne, ɗaya bayan ɗaya, har yadda yake jan ta ƙarshen. Goggo ta ce, "Ga su nan, ga su nan! Kumfa kamar ta sabulu!" Muka sake. Muka sake. A karo na biyar ta ce yanzu mai ne zalla. Ya koma ta baya ta hagu, sannan ta gaba ta dama, sannan ta gefena. Da kowace taya birkin yana ƙara tasowa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Daga ƙasa ya ɗaga murya ya ce, "Malam, wannan ƙafa ta san aiki. Me kake yi a gida?"

Na ce, "Tela ne."

"Shi ya sa."

Da ya gama ya ce in taka sau ɗaya. Birkin ya tsaya a sama, tauri kamar dakali. Na fito. Shayin nan na biyu da ya mayar a wuta ko sauke shi ba a yi ba.

Na sallame shi, muka sha na biyun, ya fi daɗi kamar yadda ya ce. Daga Matamai zuwa Damagaram ba abin da ya faru. Mun wuce Kance da Takeita, muka shiga gari bayan la'asar. Manyan duwatsu a tsakiyar gidaje, tsohuwar unguwarsu da lunguna kamar namu. Mariyama tana nuna mini hanya, nan dama, nan hagu.

Inna, mahaifiyarta, tana zaune a tabarma a tsakar gida. An gaya mata muna tafe. Ta lalubi fuskar 'yarta da hannu biyu, ta daɗe. Sannan ta ce, "Wa ya kawo ki?"

"Ƙaninsa ne, Inna. A motarsa."

Tsohuwar ta juyo inda take jin numfashina. "Ya kira ni cikin azumi. Ya ce, Inna, komai ya kammala, birki kaɗai ya rage. An gyara birkin?"

Na ce, "An gyara, Inna."

"To madalla. Ya cika alkawari."

Kwana ɗaya muka yi. Sun karrama mu. Dambun zogale, naman rago, da cuku, wato busasshen nono mai faɗi kamar takarda da ake ci da shayi. Goggo ta ce ba za ta ci ba, da za mu taho ta ɗaure guda shida a bakin zane. Ta'aziyyarsu doguwa ce, kowa ya shigo sai an sake fatiha, ko da wata biyar sun wuce. Ni an sauke ni gidan wan Mariyama, da safe aka kawo mini burodin nan da na ga Goggo ta raina, da man shanu. Yana da daɗi in da zafinsa.

Da za mu tafi Mariyama ta rako mu har ƙofar gida, har jikin mota. A Kusfa ba ta taɓa wuce zaure don rakiya ba. Na miƙa mata ledar kayan Yaya, ko za ta so ta ajiye. Ta ce in bar su a mota, nan ne wurinsu. Guntun taɓaryar kuwa ta ce, "Wannan nawa ne." Na shiga na tayar. Sai ta sunkuyo ta taga.

"Tela Sai-gobe."

Na ce, "Na'am, Madam."

"Ka gaida gida."

Ta juya ta shige. Ban san ko zan sake ganinta ba.

Dawowa ba ta da labari. Mun sake kwana a Daura, na gaya wa Alhaji Sabi'u komai, ya yi wa Yaya addu'a. Na tsaya a gonar mutumin nan ban same shi ba, geron kuwa rabinsa ya miƙe. Goggo ta yi barci daga Kazaure har Tashar Yari.

Ranar Alhamis da yamma muka shigo Kusfa. Na kawo motar gindin dalbejiya, daidai inda ƙasa ta yi baƙi da man shekaru. Na taka birki sau ɗaya, ya kama. Goggo ta sauka da butarta da cukunta ta shiga gida. Ni na kashe injin na zauna, ƙafata a kan birkin, a riƙe, ban ƙara ba ban rage ba. Har aka kira magariba ina nan. Babu wanda zai ce mini saki.